Tambayoyi da amsoshi kan kalmar Turanci "sharp" da ma'anoninta

Ɗalibai da masu fassara da masu bin labaran Turanci sun sha kawo tambaya a kan wannan 'yar kalma mai harafi biyar. Tun muna firamare aka koya wa yawancinmu cewa ma'anarta "mai kaifi", muka riƙe hakan, sai ga ta a katin ɗaurin aure, ga ta a bakin likita, ga ta a takardar ɗan kwangila, alhali babu wuƙa babu aska a wurin. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Malam, mece ce ainihin ma'anar "sharp"?

Tushenta shi ne abin da ke yanka ko ke hudawa. Tun daga nan ta rabu da Hausa, domin mu gida biyu muka raba abin. Wuƙa da aska da reza da lauje da takobi, kaifi gare su. Allura da ƙaya da mashi da ƙusa da basilla, tsini gare su. Bature kuwa da kalma ɗaya yake kiran duka: "a sharp knife", "a sharp needle", "a sharp pencil". In ya so ya bambanta, sai ya ce "sharp edge" ga bakin da ke yanka, "sharp point" ga tsinin da ke huda.

Ka lura da mai wasa wuƙa ranar jajibirin babbar salla. Yakan ɗiga ruwa a kan dutse, ya kwantar da bakin wuƙar, ya goga wannan gefe, ya juya ya goga wancan, sannan ya shafa da babban yatsa a kaikaice, ko ya gwada ta a gashin hannunsa. Aikin da yake yi shi ne rage kaurin bakin ƙarfen har ya zama siriri ainun, yadda duk ƙarfin hannun mai yanka zai taru a wuri ɗan mitsitsi. Shi ya sa mai kaifi take wucewa farat ɗaya, dakusasshiya kuwa sai an yi ta gurzawa ana wahalar da dabba. Ka riƙe wannan "farat ɗaya" ɗin da kyau, don mafi yawan sauran ma'anonin daga gare shi suka fito.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Ta gado ce a Turanci, ba aro ba ce daga Latin ko Faransanci kamar ɗimbin kalmominsu. A tsohon Turancin da aka yi a Ingila shekaru sama da dubu da suka wuce, "scearp" ake rubutawa. 'Yan uwanta suna nan a harsunan da suke dangi ɗaya da Turanci: Jamusawa na cewa "scharf", mutanen Holan "scherp", na Suwidin "skarp". Kowane harshe ya ja ta inda ya ga dama. Bajamushe in ya ce abinci "scharf" ne, yaji yake nufi, wato barkono ya ji. Bature ɗan Ingila in ya ce "sharp" a kan abinci, tsami yake nufi.

'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci abin yakan zo musu da sauƙi ta wani ɓangare, domin Faransanci ma rabawa yake yi: "tranchant" ga kaifi, "pointu" ga tsini, "aigu" ga ciwo mai suka ko sauti mai tsini.

To yaya mutum zai gane wace ma'ana ake nufi, tunda suna da yawa haka?

Ka dubi kalmar da take jingine da ita, kada ka dubi ita kaɗai. Wannan ita ce shawarar da na fi bai wa kowa muhimmanci. "Sharp" ba ta da fassara guda a Hausa, kuma duk wanda ya nace sai ya sa "kaifi" a ko'ina, zai fito da Hausar da babu mai yin ta, irin su "ƙarfe tara mai kaifi" ko "hauhawar farashi mai kaifi". Ana jin irin wannan a wasu fassarori, kuma abin yana damuna, domin Hausa ba ta rasa kalmomin ba. Muna da cif, da suka, da tsami, da gwauron zabo, da wayo, da tangaran. Gaggawar mai fassara ce ke binne su.

Abin da ya haɗa ma'anonin shi ne rashin a-hankali-a-hankali. Ko dai abu ya zo farat ɗaya, ko ya soki ido ko kunne ko harshe kai tsaye, ko kuma iyakarsa ta fito ƙarara babu dishi-dishi. In ka tambayi kanka wanne ne daga ciki ya dace da jimlar da ke gabanka, da wuya ka ɓata.

Na ga an rubuta "10:00 a.m. sharp" a katin gayyata. Me ake nufi?

Ƙarfe goma cif, ba saura minti biyar ba, ba da kwata ba. Bayan lokacin ake sa ta, ba a gabansa ba: "at ten sharp". A Najeriya an fi sabawa da "prompt" a wannan gurbi, kuma duk manufa ɗaya ce. In katin ɗaurin aure ne, to ka ɗauki maganar da gaske, domin ɗaurin aure ba ya jiran kowa. Waliyyai na zama, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, minti goma an watse, wanda ya makara sai dai ya tarar da goro da alewa.

Shin "shaf-shaf" da muke faɗa a Hausa daga nan ta zo? Kuma daidaitaccen Turanci ce?

Daga nan ta zo, amma ta biyo ta hanyar Turancin buroka. A buroka ana ninka kalma don ƙarfafa ta, sai "sharp sharp" ta zama maza-maza, nan take. Da ta shigo bakin Hausawa ta tarar da gida a share, tunda mu ma haka muke ninkawa: maza-maza, sauri-sauri, yanzu-yanzu. Shi ya sa ta zauna daram, har ana cewa "ka yi shaf-shaf ka dawo", ko "aikin shaf-shaf aka yi masa", wanda wannan na biyun suka ne, ana nufin an yi abin a gurguje ba inganci.

A takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki kada ka rubuta "sharp sharp". Ka sa "quickly" ko "immediately". Kuma in ka je Afirka ta Kudu ka ji ana ce maka "sharp sharp", ba korarka ake yi ba. A can gaisuwa ce da sallama da amincewa, kamar mu ce "lafiya lau", "shi ke nan", "sai an jima". Mutanen Ingila, musamman manya, suna da "look sharp!" da ma'anar "yi sauri", amma in aka ce maka "you look sharp", to kwalliyarka ake yabawa, an ga ka fito fes, kaya sun sha guga.

In aka ce mutum "sharp" ne, yabo ne ko zagi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, domin a nan ne ake yin kuskuren da ke taɓa mutunci.

In maganar ƙwaƙwalwa ake yi, yabo ne tsantsa. "A sharp student" ɗalibi ne mai kaifin basira, mai saurin ɗaukar karatu. "A sharp mind", "a sharp memory", "sharp eyes", duk sun yi daidai da namu kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin gani. In aka ce tsoho ɗan shekara casa'in "is still sharp", ana nufin hankalinsa na nan garau, bai ruɗe ba. Amurkawa kan ce "sharp as a tack", wato mai tsini kamar ƙaramar ƙusa, ga wanda ya kai maƙura a fahimta. Akwai kuma hanyar da suke bi su ce mutum daƙiƙi ne ba tare da sun fito fili ba: "not the sharpest knife in the drawer". In ka ji an faɗa a kan wani, ka san ba alheri aka faɗa ba.

Da zarar maganar ta koma kan kuɗi da ciniki, sai launin kalmar ya sauya. "A sharp operator" mutum ne mai wayon tsiya, wanda in ka yi hulɗa da shi sai ka ƙirga yatsunka. "Card sharp" ɗan caca ne mai maguɗin karta. Sai kuma babbar cikinsu, "sharp practice". A Turancin lauyoyin Ingila, wannan na nufin mu'amalar da ba lallai ta karya doka ƙarara ba, amma babu gaskiya babu amana a cikinta, kamar ka ga abokin cinikinka ya yi kuskuren lissafi ka yi shiru ka ci riba. Jaridun Najeriya sun faɗaɗa ta, suna rubuta "sharp practices" ga kowane irin ha'inci: gidan man da ya taɓa lita, ɗan kasuwar da ya buga gindin mudu ya lotsa, mai yin algus a manja ko a zuma, jami'in da ke karɓar na goro kafin ya sa hannu. Fassararta a Hausa ha'inci ce, ko coge, ko almundahana. Ko kusa ba "ƙwarewa" ba ce, ba kuma "dabarun zamani" ba.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne yadda samarinmu suka ɗauki "sharp guy". A bakin titi yabo ne: wanda idonsa ya buɗe, ba a cutarsa, ya san hanya. Har nan babu laifi. Amma sau da yawa wanda ake kira da sunan shi ne wanda ya tsallake layi, ko ya shiga da amsa ɗakin jarrabawa, ko ya karɓi kuɗin mutane a intanet da ƙarya, wanda ya tsaya kan gaskiya kuma a ce masa bai waye ba. Turancin da aka aro kalmar daga gare shi ya san bambancin basira da wayon cuta, Hausa ma ta sani, tunda ba mu taɓa haɗa mai hazaƙa da macuci a suna ɗaya ba. Saboda haka in za ka yabi wani a gaban baƙo, musamman a wasiƙar shaida ko wajen neman aiki, ka ce "he has a sharp mind". Kada ka ce "he is a sharp guy in business", don mai sauraro zai iya jin kana gargaɗinsa ne.

Mu muna cewa mutum "kaifi ɗaya" ne. Zan iya fassara shi da "sharp"?

A'a. Kaifi ɗaya shi ne mai magana ɗaya, wanda ba ya fuska biyu, in ya ce e to e ce. A Turanci sai ka ce "straightforward", ko "a man of his word". In kuma kana nufin ba ya kara, yana faɗin gaskiya komai ɗacinta, kalmar da suke amfani da ita ita ce "blunt", wadda a kan wuƙa take nufin dakusasshiya. Su a wurinsu maganar da ba a feƙe ta ba, ba a yi mata kwalliya ba, ita ce "blunt".

"Sharp tongue" fa?

Wannan kam mun yi tarayya da su. Mai kaifin harshe ne, wanda maganarsa ke yanka, mu da muka ce baki shi ke yanka wuya. "A sharp reply" amsa ce cikin gatse ko tsawa, "sharp criticism" kakkausar suka, "they exchanged sharp words" sun yi musayar zafafan kalamai. A buroka ana cewa "sharp mouth" ga mai tsiwa ko mai surutu, amma a rubutu "sharp tongue" ake sawa.

Likita ya tambaye ni ko ciwon "sharp" ne ko "dull". Me yake son ya ji?

Yana son ya san irin ciwon, ba ƙarfinsa kaɗai ba, domin irin ciwo na nuna masa inda zai duba. "Sharp pain" shi ne ciwo mai suka, kamar an caka maka abu, kana iya nuna wurin da yatsa ɗaya. "Dull pain" shi ne wanda ke nan ƙasa-ƙasa, ya bazu, ba ka iya cewa ga takamaiman inda yake. Hausa ta wadata ƙwarai a nan, har ta fi abin da yawancin marasa lafiya ke iya faɗa da Turanci. Muna da suka, muna da zugi wanda su ke kira "throbbing", da raɗaɗi ko ƙuna wato "burning", da murɗawa wato "cramping", ga kuma sara da kai ke yi.

Ga abin da ya sa bambancin ke da amfani. Ciwon afendis sau da yawa yakan fara ne ƙasa-ƙasa a kewayen cibiya, bayan wasu awanni ya koma suka a ƙasan ciki ta hannun dama. Sukar ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi takan sa likita ya yi tunanin huhu ko fatar da ta lulluɓe shi. Ciwon bugun zuciya kuwa sau da yawa ba suka yake zuwa da ita ba, nauyi ne, kamar an danne ƙirji, wani lokaci ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Don haka kada wani ya ce tunda ba suka yake ji ba, abin mai sauƙi ne. Ciwon ƙirji kowane iri ne, asibiti ake kai shi ba tare da jinkiri ba.

Roƙona ga mai raka mara lafiya yana yi masa tafinta: kada ka dunƙule komai ka ce "pain". In Baba ya ce suka yake ji, ka ce "sharp". In ya ce zugi ne, ka faɗi zugi. In Turancin ya ƙwace maka, ka faɗa da Hausa ka kwatanta da hannu, akwai ma'aikatan jinya da za su fahimta.

Akwai wata kalma da ke rikita mutane a nan, wato "acute". Asalinta daga Latin ne, kuma can ma tsini take nufi. A lissafi "acute angle" kusurwa ce da ba ta kai digiri 90 ba. A asibiti kuwa "acute" ciwo ne da ya taso kwatsam, kishiyar "chronic" wanda ya daɗe yana cin mutum.

A asibiti na ga kwali mai ruwan ɗorawa an rubuta "sharps". Jam'i ne?

E, a nan kalmar ta zama suna. "Sharps" su ne duk kayan aiki masu huda ko yanka da aka gama amfani da su: allurai, reza, wuƙar tiyata, 'yar ƙusar da ake huda yatsa da ita wajen gwajin sukari ko maleriya, fasassun kwalaben magani. Kwalin nan an yi shi ne don a jefa su ciki nan take, ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, kuma in ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe a kai ƙonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a duniya kowace shekara. Ta kuma ce wanda allurar mai ɗauke da cuta ta soka, haɗarin kamuwarsa ya kai kashi 30 cikin 100 in ciwon hanta nau'in B ne, kusan kashi 2 in nau'in C ne, ƙasa da kashi 1 in ƙanjamau ne. Masu yi wa kansu allurar insulin a gida su ma su tanadi roba mai kauri da murfi, kada a zuba a bola inda yara ke tone-tone.

Ɗan kwangila ya rubuta mini "sharp sand, 3 trips". Wane irin yashi ne wannan?

Yashin kogi ne mai kaushi, wanda ƙwayoyinsa ke da kusurwa-kusurwa, shi ake zuba kankare da buga bulo da shi. Kishiyarsa shi ne mai laushi na filasta, wanda suke rubutawa "plaster sand" ko "soft sand". Birkilan da ya san aikinsa ba ya yarda tifa ta juye sai ya gwada. Zai ɗebi cikin tafi, ya murza kusa da kunne ya ji yana ƙaras-ƙaras, ya dunƙule ya buɗe hannu. In ya warwatse bai bar jan shafi a tafinsa ba, mai kyau ne. In ya dunƙule ya zauna kamar curin fura, to da laka a ciki, zai ci siminti kuma ginin ba zai yi ƙarfi ba. Kusurwoyin nan su ne ke sa ƙwayoyin su sarƙe da juna su kama siminti. Rairayin hamada da iska ta daɗe tana gogawa ƙanana ne ƙwayoyinsa kuma da santsi, shi ya sa injiniyoyi ba sa son sa a kankare duk da yawansa.

A labarai nakan ji "sharp rise" da "sharp fall". Yaya zan fassara su?

Tashi ko faɗuwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Misalin da kowa ya shaida shi ne na ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki kaɗan litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a jihohin arewa. Wannan shi ne "a sharp rise", farashi ya yi tashin gwauron zabo. In faɗuwa ce, sai ka ce ya faɗi warwas, ko ya karye. Wanda ya hau sannu a hankali cikin shekaru ba a kiransa "sharp" ko da ya yi yawa, "gradual" ake cewa.

Haka allon gefen hanya mai "sharp bend ahead": muguwar kwana ce a gaba, wadda ake karyawa lokaci guda, direba ya rage gudu. "Sharp contrast" kuma bambanci ne bayyananne, wanda ba sai an nuna maka ba.

Ana amfani da ita a kan ɗanɗano da sauti da hoto?

Ana yi. A harshe tsami ne mai kama baki, irin na lemon tsami ko tsamiya ko nonon da ya kwana biyu. A Amurka za ka ga an rubuta "sharp cheddar" a kan cuku, ma'ana wanda ya daɗe a ajiye har ɗanɗanonsa ya yi ƙarfi. A Ingila "mature" suka fi rubutawa. A hanci wari ne mai hawa kai. A fata, "a sharp wind" iskar hunturu ce mai ratsa ƙashi. A kunne ƙara ce mai tsini da ta zo ba zato. A ido kuwa, hoton waya ko na talabijin in ya fito tangaran, kana ganin kowane layi, shi ne "sharp". In ya yi dishi-dishi, "blurred".

Ɗana na koyon kwamfuta yana ta ambaton "C sharp". Mene ne haɗinsa da kiɗa?

A rubutun kiɗan Turawa, "sharp" alama ce mai wannan siffa ♯, tana nuna a ɗaga sauti da rabin mataki. Kishiyarta "flat", a sauke shi da rabin mataki. Fiyano na da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma baƙin da ke dama da farin C shi ne "C sharp". Sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, "A sharp" kuwa kusan sau 466. Mai gurmi ko mai goge ya san abin a aikace, in ya ƙara ɗaure tsirkiya sauti ya ƙara hawa. Amma in aka ce mawaƙi "is singing sharp", gyara ake yi masa, muryarsa ta zarce inda ya kamata ta tsaya.

Kamfanin Microsoft ya ari sunan ya raɗa wa harshen rubuta manhaja da ya bayyana a shekarar 2000, ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, ɗan ƙasar Denmak. Manufar ita ce an ɗaga tsohon harshen manhaja mai suna C mataki. Da yake alamar kiɗan ba ta kan allon rubutun kwamfuta, sai ake rubuta C# da alamar da muka sani a waya, amma "C sharp" ake furtawa.

Yaushe zan ce "sharp", yaushe "sharply", yaushe "sharpen"?

"Sharp" siffa ce: "sharp, sharper, sharpest". "Sharpen" aikatau ne, wato wasawa ko feƙewa. Kuskuren da ya fi yawa a littattafan ɗalibai shi ne "sharp the pencil". Daidai shi ne "sharpen the pencil", abin feƙewar kuma "sharpener". Suna cewa "sharpen your mind" kamar yadda muke cewa wasa ƙwaƙwalwa. "Sharply" na bayyana yadda aka yi aiki: "prices rose sharply", "she spoke sharply". Wurare kaɗan ne "sharp" ke tsayawa a wannan gurbi ba tare da ƙarin "ly" ba, su ne lokaci, da kwana irin "turn sharp left", da waƙa. "Ten o'clock sharply" kuskure ne.

A jarrabawar WAEC ko JAMB in aka ce a kawo kishiyarta, wacce zan zaɓa?

Ka karanta jimlar duka kafin ka dubi zaɓin, domin masu shirya tambaya da gangan suke sa "blunt" a ciki don su kama mai gaggawa. In wuƙa ce, "blunt". In ɗalibi ne, "dull" ko "slow". In hoto ne, "blurred". In farashi ne, "gradual" ko "slight". In kwana ce ko tsawa, "gentle". In ɗanɗano ne, "mild". In kiɗa ne, "flat".

Yaya ake furta ta daidai?

Matsalarmu harafin ƙarshe ce. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, shi ya sa take fita "shaf". Ka haɗe leɓɓanka gam, sannan ka sake su da ɗan bugun iska. Mutanen Ingila galibi ba sa furta "r" ɗin, jan wasalin suke yi, Amurkawa kuwa suna furtawa. Duk wanda ka bi daidai ne. Ka dai kiyaye kada ta haɗu da "shop" ko "shape".

Kamfanin Sharp mai rediyo da talabijin fa, sunan mai shi ne? Kuma "sharpshooter" daga sunan bindiga ta zo?

Ba sunan mai shi ba ne. Kamfanin na Japan ne, Tokuji Hayakawa ya kafa shi a Tokyo a 1912 yana ƙaramin maƙerin ƙarfe. A 1915 ya ƙera fensirin ƙarfe mai tura bakinsa da kansa, wanda ba ya bukatar feƙewa, aka sa masa suna Ever-Ready Sharp, wato kullum da tsininsa. Girgizar ƙasar 1923 ta rushe masana'antar, ya koma Osaka ya shiga ƙera rediyo, daga baya talabijin da kalkuleta. Sai a 1970 kamfanin ya ɗauki sunan Sharp gaba ɗaya, kuma a 2016 kamfanin Foxconn na Taiwan ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Har yau a Japan da Koriya ta Kudu, da wannan kalma ake kiran irin wancan fensiri.

"Sharpshooter" gwanin harbi ne wanda ba ya kuskure. Mutane da yawa na cewa daga bindigar Sharps ta samo suna, wadda Christian Sharps ya yi wa rajista a 1848 aka kuma yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Gaskiya ne gwanayen harbi sun riƙe wannan bindiga a yaƙin, amma kalmar ta girme ta. Tun farkon shekarun 1800 take cikin Turanci, kuma Jamusawa na da irinta, "Scharfschütze", tun kafin a ƙera bindigar.